Maratayin bindigar farauta: tambayoyi da amsoshi kan zaɓen wanda zai tsayar maka da hannu

Duk wanda ya taɓa ɗora saiti a kan dabba daga nesa ya san wannan hali. Ka yi tafiyar awa biyu a ƙasa, ka hau tudu, numfashi na sama-sama, ga dabbar can tana kiwo ba ta san da kai ba, amma bakin bindiga ya ƙi zama wuri ɗaya. Da yawa sukan ɗora laifin a kan bindiga ko harsashi, alhali rabin maganin yana rataye a kafaɗarsu tun fitowarsu daga gida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi mini a kan maratayi. Yawancin wannan ilimi daga Amurka da Turai da kudancin Afirka ya fito, inda farauta da raifil, wato doguwar bindigar harbin nesa, take da lasisinta da lokacinta, shi ya sa sunayen da za ka ci karo da su na can ne. Duk bayanin da na yi na mai harbi da dama ne. Bahago sai ya juya shi.

Ba don rataya bindiga a kafaɗa kawai ake sa maratayi ba?

Aikinsa biyu ne, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Na farko shi ne ɗauka, kamar yadda hamila take ɗaukar takobi: ka rataya, hannuwanka su huta. Na biyu shi ne tsayar da bindiga lokacin harbi. Mafi yawan waɗanda ake sayarwa a shago na aikin farko ne kaɗai. Za ka gan su da faɗi, da soso mai taushi a wurin kafaɗa, wani har da aljihun harsashi, amma idan ka nemi ka naɗa shi a dantse don ka yi harbi sai ka tarar ba a yi shi don haka ba. Saboda haka kafin ka fitar da kuɗi ka tambayi kanka wanne daga cikin biyun kake nema. Akwai masu yin duka biyun, kuma a kansu maganata za ta fi tsayawa.

Ta yaya ɗan tsirin fata zai hana hannu rawa?

Raifil na farauta da madubin saitinsa yakan kai kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi. Idan ka ɗaga shi, tsokar dantsenka na hagu ce take riƙe da nauyin, ita kuwa tsoka ba ta iya tsayawa cik. Tana fara gajiya take fara karkarwa. Maratayin harbi yana ɗaure dantse da katakon gaban bindiga, ta yadda sangalin hannu da dantse da maratayin za su zama siffa mai kusurwa uku. Da zarar hannu ya so ya buɗe saboda nauyi, sai fatar ta riƙe shi. Nauyin ya bar tsoka ya koma kan ƙashi da fata, kai kuma ka saki jiki.

Ga lissafin da ya sa nake ɗaukar abin da muhimmanci. Tsawon raifil bai wuce mita 1 da 'yan kai ba. Idan bakinsa ya kauce da milimita 1 kacal, gindin yana nan inda yake, harsashi zai kauce da kusan santimita 10 a nisan mita 100, santimita 20 a mita 200. Wurin da ya kamata a samu a jikin matsakaiciyar dabba, wato zuciya da huhu, faɗinsa bai fi na faranti ba. Ka ga motsin da ido ma ba ya gani ya isa ya mayar da harbin ƙirji ya zama na ciki. Dabbar da aka sama a ciki ba ta faɗuwa nan take. Takan gudu, ta shige duhuwa, ta yi kwana ɗaya ko biyu tana shan azaba kafin ta mutu inda ba wanda zai amfana da ita. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarce mu da kyautatawa hatta a wajen kisa da yanka, kuma a ganina tsayar da hannu kafin a taɓa kunama yana cikin wannan kyautatawar.

Yana aiki a kowane irin tsayuwa ko zama?

A'a. Sharaɗinsa shi ne gwiwar hannun hagu ta sami abin da za ta dogara a kai. Idan ka kwanta rub da ciki, ƙasa ce ke tallafe da ita. Idan ka zauna, tana kan gwiwar ƙafa. Idan ka durƙusa da gwiwa ɗaya, tana kan ɗayar. A waɗannan ukun za ka ga bambanci ƙarara tun ranar farko. A tsaye kuwa, gwiwar hannu tana lilo a iska, maratayi ya haɗa hannu da bindiga amma ba abin da ya haɗa su da ƙasa, don haka amfaninsa kaɗan ne.

Dubi masu gasar gudu a kan ƙanƙara haɗe da harbi, wadda ake yi a wasannin Olamfik na lokacin sanyi. Suna harbi a nisan mita 50, zuciya na bugawa kamar za ta fito. Idan sun kwanta sukan maƙala maratayi a wani ɗamara da ke dantsensu, kuma faɗin abin da ake so su sama santimita 4.5 ne. Idan sun tashi tsaye ba sa maƙala shi, faɗin abin harbin kuma ya koma santimita 11.5. Waɗanda suka tsara gasar sun san tazarar da ke tsakanin hannun da ya sami madogara da wanda bai samu ba.

Waɗanne iri ne ake da su na harbi, kuma wanne ya fi dacewa da mafarauci?

Kakansu duka shi ne na sojan Amurka da ake kira M1907, saboda shekarar da aka fara amfani da shi. Fata ce guda biyu, doguwa da gajera, faɗin inci 1 da kwata, da ramuka bibbiyu a jere, da ƙugiyoyin ƙarfe ko na tagulla, da 'yan zobban fata biyu da ake jawowa su matse dantse. Da shi aka rataya bindigogin Springfield da Garand, kuma har gobe masu gasar harbi a Camp Perry da ke jihar Ohayo suna amfani da shi. Wajen tsayar da bindiga ban san wanda ya fi shi ba. Matsalarsa ga mafarauci ita ce jinkiri da nauyi. Kafin ka sassauta, ka zura hannu, ka jawo zobban, ka gyara zama, dabbar da ta ji motsi ta yi gaba.

Kanar Townsend Whelen, sojan Amurka wanda ya yi suna wajen rubutu a kan bindigar farauta, shi ake jingina wa wani samfurin da ya fi wancan sauƙi. Fata ɗaya ce, an rage ƙarafa, ana ɗaure wani sashe da tsirkiyar fata, kuma akan saita zargen hannun sau ɗaya a bar shi a haka. Ya fi na soja rashin nauyi da rashin ƙara.

Daga nan sai batun sauri ya shigo. Jeff Cooper, tsohon sojan kundumbala na ruwa da ya kafa makarantar harbi ta Gunsite a Arizona, ya ga wata dabara wajen wani mutumin Gwatemala mai suna Carlos Widmann, ya yaɗa ta da sunan CW. Akan ƙara mazauni na uku, wato wurin maƙala maratayi, a jikin bindiga, gab da gidan harsashi. Idan za a yi harbi sai a ciro ƙarshen maratayin daga gindi a maƙala a tsakiya, ya zama ɗan gajeren zarge da ake cusa hannu kawai. Illarsa ita ce cirewa da maƙalawa. Wani ɗalibin Cooper, Eric Ching, shi ya warware wannan a 1986: ya bar dogon maratayi a inda yake daga gaba zuwa gindi, ya ƙara ɗan gajere daga mazaunin tsakiya zuwa jikin dogon. Bindiga tana rataye, zarge yana buɗe yana jira. Ka sauke, ka cusa hannu, ka zauna, cikin daƙiƙa biyu ko uku ka ɗaure.

Wanda ba ya son a huda masa bindiga don mazauni na uku, akwai masu mazauni biyu da suke yin kusan aikin. Ɗaya shi ne wanda ake kira na Rodeshiya, wato tsohon sunan Zimbabuwe, inda rabin gaba yake a ninke biyu, ninkin ya zama zarge. Ɗayan shi ne Safari Ching, wanda ya rabu biyu a tsakiya da ɗan tsiri da ke tare bayan dantse.

Idan ra'ayina ake so: ga mai yawo a ƙasa yana bin sawu, Ching ko na Rodeshiya. Ga mai zama a wuri ɗaya yana dako, da isasshen lokaci da nisa mai yawa, na soja ko na Whelen. Na fi karkata ga na Rodeshiya ga mai farawa, don ba ya buƙatar a taɓa bindiga da abin huda, kuma babu abin da zai rikita mutum a jikinsa.

Yaya ake shiga zargen daidai?

Bari mu ɗauki na soja, don wanda ya iya shi ya iya sauran. Zauna a ƙasa, ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka ɗora gindin bindiga a cinyarka ta dama, baki yana kallon inda ba kowa. Sassauta sashen baya har ya yi lilo. Ba shi da aiki a lokacin harbi. Kama zargen gaba ka murɗa shi rabin juyi zuwa hagu. Wannan ɗan murɗin shi ne mutane suka fi mantawa, kuma shi ne zai sa fatar ta kwanta shimfiɗe a bayan hannunka maimakon gefenta ya yi ta yankarka. Zura hannun hagu har zargen ya wuce ƙwanjin dantse ya kusa hammata, ka jawo zobban fata su matse. Sai ka zagayo da tafin hannu ta saman maratayin ka shigar da shi ƙarƙashin katakon gaba.

Yanzu ka kama gindin da hannun dama ka kai shi kafaɗa. Idan ya shige salin-alin, maratayin ya yi tsawo. Daidai shi ne sai ka ɗan tura bindigar gaba kafin gindin ya sami wurin zama, kana saki kuma ya dawo ya danne kafaɗa da kansa. Ɗora gwiwar hannu a gaban gwiwar ƙafa, ba ƙashi a kan ƙashi ba, don zai zame. Buɗe yatsun hagu. Idan bindigar ta zauna a tafinka ba tare da ka damƙe ta ba, ka samu.

Wani lokaci za ka ga saitin yana tsalle daidai da bugun zuciyarka. Zargen ne ya danne jijiyar jini da ke cikin dantse. Ɗan matsar da shi sama ko ƙasa, ka juya shi yadda jan zai fi zuwa daga bayan dantse. Idan yatsu sun fara mutuwa cikin minti ɗaya, ka matse fiye da kima.

Naɗin gaggawa da ake yi da maratayin ɗauka fa, yana da amfani?

Wannan shi ne ka zura hannu tsakanin bindiga da maratayi har ya wuce gwiwa, ka zagayo da hannun ka kama katako, maratayin ya ratsa ƙirjinka. Masana sun yi saɓani a kansa, Cooper ma bai ɗauke shi a bakin komai ba. Abin da na gani shi ne yana rage lilon bindiga idan akwai iska, kuma yana hana maratayin kansa kaɗawa a ƙasan bindiga, wanda shi ma yakan motsa saiti. Amma ba ya ɗauke nauyi daga tsoka yadda zarge yake yi, domin jan yana rabuwa tsakanin gaba da gindi. Ya fi babu, matuƙar tsawon ya yi daidai.

Fata, nailan, ko mai roba?

Ka fara da wannan gwajin tun a shago: kama shi da hannu biyu ka ja da ƙarfi. Idan ya miƙe, ajiye shi. Masu roba mai taushi, irin wadda ake ɗinka kayan masu nutso da ita, suna da daɗin ɗauka ƙwarai, suna shanye girgizar tafiya kuma ba sa zamewa daga kafaɗa. Amma abin da yake miƙewa ba zai tsayar da komai ba. Yau ka ja shi da ƙarfi kaza, gobe da wani ƙarfin daban, harsashi kuma ya bi.

Fata mai kauri ita ce zaɓina. Tana kama riga, ba ta ƙara idan ta goga da reshe, kuma tana daɗewa idan an kula da ita. Sabuwa takan yi tauri, takan kuma ɗan saki a makonnin farko, don haka ka sake duba ramin da ka saita bayan ta laushi. Ruwa da bushewa su ne abokan gabarta: a wuri mai laima takan yi fumfuna, a busasshiyar iska irin ta hunturu takan tsattsage. A shafa mata mai kaɗan, sau ɗaya ko biyu a shekara. Wanda ya cika mata mai ya mayar da ita mai miƙewa da hannunsa. Idan ta jiƙe a bar ta ta bushe a inuwa, kada a kai ta bakin wuta.

Nailan ba ruwansa da ruwan sama, ga araha ga rashin nauyi, sai dai santsi. Yakan zame daga kafaɗa, ya kuma sulluɓe daga dantse daidai lokacin da ka gama gyara zama. Saƙaƙƙen auduga irin na tsofaffin bindigogin soja ya fi shi kama jiki, kuma ba a cika samun mai arahar da ya kai shi aiki ba. Akwai kuma wani saƙi da ake lulluɓewa da roba mai tauri, ana sayar da shi da sunan Biothane, wanda kamanninsa na fata ne amma ba ya shan ruwa ba ya miƙewa. Ga mai farauta a wuri mai yawan ruwa, shi ne zan nuna masa.

Wane faɗi zan saya?

Biyu ne aka saba: inci 1, wato kusan santimita 2.5, da inci 1 da kwata, kusan santimita 3.2. Mai faɗin ya fi sauƙi a dantse da kafaɗa idan bindiga na da nauyi. Abin lura kawai shi ne zobban ƙarfen da zai shiga su zama faɗinsu ɗaya da shi. Masu faffaɗan kai kamar na gamsheƙa na ɗauka ne, ba sa naɗuwa a hannu.

An ce maratayi yana iya canja inda harsashi ke sauka. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma duk mai niyyar harbi da zarge ya kamata ya san wannan kafin ya shiga daji. Zarge yana jan gaban bindiga ƙasa da ɗan gefen hagu da ƙarfi mai yawa. Idan zoben gaba yana jikin katako, kuma akwai 'yar tazara tsakanin katako da bututu tun daga gaba har baya, jan ba ya isa ga bututu. Amma idan katakon yana taɓa bututu, ko kuwa na roba ne mai laushi irin na bindigogi masu araha da yake lanƙwasa, to jan zai taɓa bututu, harsashi ya sauka ƙasa ko gefe.

Gwajin ba wuya. Ka shiga zarge da bindiga babu harsashi, ka sa wani ya zura takardar kuɗi tsakanin bututu da katako ya ja ta baya. Idan ta wuce ba tare da ta maƙale ba, da sauƙi. Sannan ka je filin gwaji, ka harba uku a mita 100 bindiga na kan buhun yashi, ka harba wasu uku kana cikin zarge, ka kwatanta tsakiyar kowane rukuni. Idan sun bambanta, ka gyara saiti bisa yadda za ka yi harbi a daji.

Manyan bindigogin farautar ɓauna, irin su .375 H&H da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, sau da yawa zoben gabansu a jikin bututu yake. An yi haka ne don kada ƙusar zobe ta tsaga hannun mai harbi idan bindiga ta yi naushi baya. Irin wannan ba a matsa masa zarge, domin kai tsaye bututun kake ja.

Zobban ƙarfe da ƙusoshinsu fa, akwai abin dubawa?

Nan ne maratayi ya fi cin amanar mai shi, ba a fata ba. Na taɓa tafiya bayan wani abokin farauta a kan hanyar duwatsu, bindigarsa na rataye baki sama. Ƙusar gaba ta daɗe tana kwancewa kaɗan-kaɗan bai lura ba. Yana ɗaga ƙafa zai haye wani dutse sai ta fice, bindigar ta kifo ta baya, bakinta ya share iska ya wuce ta gaban fuskata kafin madubin ya daki dutse. Allah ya kiyaye babu harsashi a ɗaki, wato inda harsashi ke zama a gindin bututu kafin a harba. Farautar ranar dai ta ƙare a nan, don ba wanda zai yarda da saitin da ya sha irin wannan duka. Tun daga ranar, kafin in fita sai na kama kowane zobe na murɗa na ja.

Ka nemi zobba na ƙarfe masu makulli, waɗanda sai an kwance wani ɗan murfi kafin su buɗe. Ƙusar gaba ta fi aminci idan tana da noti a cikin katako, ba wadda aka murɗa cikin itace kawai ba. Duba ɗinki da ƙusoshin da suka haɗa fatar, ka ɗiga musu abin hana kwancewa. Idan zobe yana ƙara yayin tafiya, naɗa masa ɗan zare ko salatif. Kunnen dabba ya fi naka nesa ba kusa ba.

Idan ina da sandunan harbi, ina buƙatar maratayi?

A farautar kudanci da gabashin Afirka sanduna uku da aka ɗaure kansu su ne abin da aka saba, domin ciyawa tana da tsawo, dole a yi harbi a tsaye, ga shi kuma akwai mai bin sawu da zai riƙe su ya kafa maka. A tsaye sanduna sun fi maratayi, babu tantama. Gora uku da robar cikin taya sun isa a haɗa su. Haka dutse, ko kututture, ko jakar baya: duk inda ka sami madogara mai ƙarfi, yi amfani da ita, ka sa hannu ko hula tsakanin katako da abu mai tauri. Fifikon maratayi shi ne kullum yana jikin bindiga, ba ya cin hannu, kuma ba ya hana a haɗa shi da sauran. Zama a ƙasa, baya a jingine da itace, hannu cikin zarge, yana daga cikin mafi tsayuwar harbin da mutum zai samu a daji.

Baki sama ko baki ƙasa ya kamata a rataya?

Akwai hanyoyi uku da aka sani. Ta Amurkawa, baki sama a kafaɗar dama. Tana da sauƙi, amma bakin yakan kama rassa kuma ruwan sama na shiga. Wadda ake kira ta Afirka, baki ƙasa a kafaɗar hagu, hannun hagu na riƙe da katakon gaba. Saukewa da kaiwa kafaɗa motsi ɗaya ne, kuma ita ta fi dacewa da zarge. Hatsarinta shi ne idan ka durƙusa ko ka zame, baki ya caki ƙasa. Bututun da laka ta toshe yana iya fashewa a hannun mai harbi, saboda haka a liƙa ɗan salatif a baki, a kuma duba ciki bayan kowace faɗuwa. Ta uku ita ce ta Turawan nahiyar, a kafaɗar hagu, baki yana gaba yana kallon sama, hannu a kansa. Kullum kana ganin inda ya dosa.

Kowacce ka zaɓa, bindigar da ke rataye ba ta hannunka. Kada ka bar harsashi a ɗaki, musamman wajen tsallake rafi, hawa dutse, ko hawa babur.

Akwai lokacin da ya kamata a cire shi gaba ɗaya?

Akwai. Cikin sarƙaƙiya, ko lokacin bin dabba mai haɗari da ta ji rauni. Ƙwararrun jagororin farauta da yawa sukan cire nasu su sa a aljihu idan za su bi ɓauna cikin duhuwa, don kada ƙaya ta riƙe shi a daidai lokacin da ake buƙatar ɗaga bindiga. Wannan na cikin dalilan sayen zobba masu saurin cirewa.

Mu da muke da bindigar toka ko mai baki biyu, wannan bayani ya shafe mu?

Rabinsa. Waɗannan bindigogi cikin bututunsu sumul yake, harbinsu na kusa ne, sau da yawa kuma a kan abin da ke gudu ko tashi, inda ake so hannu ya sake. Zarge ba zai ƙara musu komai ba. Abin da ya shafe su shi ne ƙarfin maratayi da amincin inda aka ɗaura shi. Na sha ganin bindigar toka da aka ɗaure da tsohuwar igiya ko tsumma, mai ita yana kan babur. Bindigar da aka ɗura, ta faɗo a ɗane, tana iya tashi da kanta. A sa mata fata mai kyau, kuma kada a rataya ta a ɗane.

Sai batun doka. A Najeriya, dokar bindigogi ta 1959 ta tanadi lasisi kafin mallakar bindiga, an kuma haramta farauta a wuraren da aka keɓe irin su Yankari a jihar Bauchi. Kowace ƙasa da nata tsarin. Ka san na inda kake kafin ka sayi ko da maratayi ne.

Baduku zai iya ɗinka mini, ko dole sai na waje?

Zai iya, kuma wanda ya iya linzami da majanyin sirdi ba abin da zai gagare shi a nan. Ka ce masa ƙirgi kake so mai kauri, kamar milimita 3 zuwa 4, daga gadon bayan sa, ba daga ciki ba, domin fatar ciki ita ce mai miƙewa. Jar fatar akuya da ake yin jaka da ita ta yi laushi da yawa, sai dai a yi ado da ita a sama. Ka kai masa zobban ƙarfen ya auna faɗi a kansu, ramuka su kasance da tazarar inci 1 ko ƙasa da haka, ɗinki kuma ya bi tsawon fatar, don layin ɗinkin da ya ratsa faɗinta wurin tsinkewa ne.

Wane tsawo zan saita, kuma atisaye nawa ake buƙata?

Tsawon da ya dace da kwanciya yakan bambanta da na zama da rami ɗaya ko biyu, rigar sanyi mai kauri ma tana canja shi. A daji ba za ka sami sukunin canja rami ba, don haka ka zaɓi guda. Ni na zama nake saitawa, saboda ciyawa da ƙananan itatuwa ba su cika barin mutum ya kwanta ya hango komai ba. Saka rigar da za ka fita da ita, ka nemo ramin, ka yi masa alama da biro.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Cire harsashi duka, ka kai su wani ɗaki, ka sake leƙa cikin bindiga. Liƙa ɗan baƙin ɗigo a bangon da ba kowa a bayansa. Tsaya da bindiga a rataye, ka sauke, ka cusa hannu, ka zauna, ka ɗora saiti a kan ɗigon, ka fitar da rabin numfashi. Rufe ido ka ƙirga uku, ka buɗe. Idan saitin ya bar ɗigon, kada ka jawo bindigar da hannu. Matsar da mazaunanka da ƙafafunka har ya dawo da kansa. Sau goma a rana na mako biyu. Bayan nan ka je filin gwaji da farantin takarda mai faɗin santimita 20, ka yi gudu kaɗan don numfashi ya tashi, ka zauna ka harba biyar a mita 50, sannan 100, sannan 150. Nisan ƙarshe da duka biyar ɗin suka shiga farantin, shi ne iyakar inda za ka harbi dabba a wannan kakar.